Yadda Ake Karanta Tarihin Tsohuwar Coci Daga Jikin Gininta: San Clemente ta Birnin Roma

Tsohuwar coci a biranen Italiya ba ta da shekarar haihuwa guda ɗaya. Allon da ke bakin ƙofa zai ba ka shekara, littafin masu yawon buɗe ido ya ba ka wata, kuma sau da yawa dukansu gaskiya ne, sai dai kowacce tana magana ne a kan wani yanki na ginin. Fuskar waje na iya zama ta ƙarni na 18, daɓen ciki na ƙarni na 12, ginshiƙan da ke riƙe da bango kuwa an ciro su ne daga gine-ginen tsohuwar daular Rum. Aikin mai son sanin tarihin irin wannan gini shi ne ya rarrabe yankunan nan, ya jera su daga na fari zuwa na ƙarshe, bisa abin da idonsa ya gani.

Babu inda ya fi dacewa da koyon wannan kamar cocin San Clemente, wato ta Waliyyi Kilement, ɗaya daga cikin fafaroman farko, wadda ke kan hanyar da ta tashi daga filin Kolosiyam zuwa babbar cocin Lateran, tafiyar mintuna kaɗan daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Colosseo. Hawa uku ne, wani a kan wani: coci ta ƙarni na 12 a sama, coci ta ƙarni na 4 a ƙarƙashinta, sai gine-ginen ƙarni na 1 a can ƙasa. Wanda ya iya karanta ta, zai iya karanta kusan kowace tsohuwar coci daga Milan har Palermo.

Kafin ka shiga

Ka tanadi littafin rubutu da fensir, ƙaramar tocila, kamfas ko da na waya ne, ɗan ma'aunin santimita, da ƙaramin madubin hangen nesa saboda adon da ke sama. An hana ɗaukar hoto a hawa biyu na ƙasa, don haka zanen hannunka ne kaɗai zai fito tare da kai. Shiga cocin sama kyauta ne, sauka ƙasa kuwa sai da tikiti. Ka duba lokutan buɗewa tun kafin ranar, domin cocin Roma da yawa sukan rufe da tsakar rana, kuma ba a zagaya lokacin ibada. Tufafi su rufe kafaɗa da gwiwa. Ka ware awa biyu aƙalla, ka riƙe 'yar rigar sanyi, ƙasan akwai danshi ko da bazara ce. Kada ka taɓa bango. Ma'auni ana riƙe shi kusa da bulo ne, ba a manna shi.

Fara daga waje

Yawancin mutane suna shiga ta ƙofar gefe da ke kan titi, sai su rasa tsarin ginin tun daga farko. Ka zagaya zuwa ɗan filin da ke gabas, inda ainihin mashiga take. Za ka ga wata 'yar rumfa mai ginshiƙai huɗu, ta ƙarni na 12, bayanta kuma tsakar gida mai baranda kewaye da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya. Wannan tsari na farfajiya kafin zaure tsohon tsarin cocin farko ne, kuma kaɗan ne suka rage da shi a Roma.

Nan ka fito da kamfas. Ƙofar San Clemente tana kallon gabas, bagadinta yana yamma. A tsakiyar zamani, wato kusan ƙarni na 5 zuwa na 15, al'adar da ta fi yaɗuwa a Turai ita ce bagadi ya kasance a gabas. Bagadi a yamma tsari ne na manyan cocin Roma na ƙarni na 4, irin su Lateran da ta Waliyyi Bitrus. Don haka kafin ka ga komai a ciki, kamfas ya riga ya nuna maka cewa maginan ƙarni na 12 sun bi sawun wani gini ne da ya girme su.

Fuskar cocin da ke kallon tsakar gidan ita ce mafi ƙuruciya a abin da kake gani. Carlo Stefano Fontana ne ya yi ta a gyaran da Fafaroma Kilement na XI ya sa aka yi tsakanin 1713 da 1719. Ka riƙe wannan a ranka a duk cocin da ka je: fuska ita ake fara sauyawa idan an samu kuɗi, don haka ita ce mafi raunin shaida kan shekarun gini. Bangon gefe da na baya, inda ba a damu da shafe ba, su ne ke faɗin gaskiya. A can ake neman tagogin da aka toshe, da layin da launin bulo ya sauya, da ƙananan ramukan da magina suka kafa itacen dandamali.

Cocin sama: auna da taku, sannan ka duba ginshiƙai

Ka tsaya a babbar ƙofa ka zana tsarin a takarda: babban zaure a tsakiya, ƙananan zauruka biyu a hagu da dama, layin ginshiƙai biyu sun raba su, sai bango mai siffar rabin da'ira a can ƙurya, wanda Italiyawa ke kira absida. Sannan ka auna faɗin kowane zauren gefe da taku. Za ka tarar ba daidai suke ba, na hagu ya fi na dama faɗi. Magini ba ya yin haka don son rai. Ka rubuta shi a matsayin tambaya, amsarta tana ƙasa.

Yanzu ginshiƙai, ɗaya bayan ɗaya. Wasu jikinsu sumul, wasu masu tsaga daga sama har ƙasa, dutsen ma ba iri ɗaya ba. An kwaso su ne daga rusassun gine-ginen daular, kamar yadda aka saba a Roma tsawon ƙarnuka. Amma hulunan da ke kansu duk sun yi kama da juna, domin an daidaita su da filasta a gyaran ƙarni na 18. Ga yadda ake bambancewa: sassaƙar marmara tana da kaifin gefe, inda ta gutsure kuma cikinta yana ƙyalli kamar gishiri. Filasta gefenta a dakushe yake, inda ta fashe fari ne fat kamar alli. Idan kana son ganin kishiyar wannan, ka je cocin Santa Sabina a kan tudun Aventino, wadda aka gina tsakanin 422 da 432, inda ginshiƙai 24 suka zo iri ɗaya da hulunansu na asali.

Silin mai ruwan zinariya da manyan zane-zanen da ke saman ginshiƙai duk na Fontana ne da masu zanen zamaninsa. Wasu marubuta suna yi wa wannan gyara kallon ɓarna. A ganinmu ya cancanci yabo, domin ya tsaya a sama ya bar ƙasa yadda ya same ta, alhali a coci da dama an share kayan tsakiyar zaure, irin su shingen wurin mawaƙa, bayan taron majalisar cocin Katolika a Trento na 1545 zuwa 1563 don jama'a su riƙa ganin bagadi sosai.

Daɓen aikin da ake kira Kosmati ne, da sunan iyalan masassaƙan marmara na Roma. Manyan faifan jan dutse mai duhu an yanko su ne daga tsofaffin ginshiƙai, kamar yadda ake yanka gungume, shi ya sa faɗinsu bai wuce kaurin ginshiƙi ba. Kewaye da su an jera ƙananan guntaye ja da kore da rawaya cikin farin marmara. Layin da'irorin da ke tsakiya yana nuna hanyar da jerin gwanon firistoci ke bi zuwa bagadi. Inda ka ga guntayen sun zo daidai wa daida, gefensu da kaifi, fuskarsu a miƙe, faci ne na baya. Na asali ya sha taku, ya lotsa, kuma yankansa na hannu ne.

Tarkon da ya fi kama mutane yana tsakiyar zaure: shingen farin marmara da ya kewaye wurin mawaƙa, da mumbari a kowane gefe da murɗaɗɗen ginshiƙin kyandir. A jikin allunan akwai tambarin sunan Fafaroma Yohanna na II, wanda ya yi mulki daga 533 zuwa 535, kuma firist ne na wannan cocin kafin a zaɓe shi. Mai gaggawa sai ya ce ginin na ƙarni na 6 ne. Ba haka ba ne. An kwance shingen daga tsohuwar cocin, aka hau da shi sama aka sake haɗawa a zauren da ya fi ƙunci. Ka bi mahaɗar allunan za ka ga inda aka datse ado don ya shiga. Haka kujerar bishop da ke ƙuryar absida: a bayanta akwai allon da aka ciro daga wani tsohon rubutu, ga kuma sunan Kadinal Anastasiyus wanda ya gina cocin sama a farkon ƙarni na 12. Dokar ita ce: tsohon dutse a cikin gini yana gaya maka shekarun dutsen kawai. Abin da ke ƙayyade lokacin gini shi ne mafi ƙuruciyar abin da aka gine a cikin jikinsa tun farko.

Adon mozayik na absida, wato zanen da aka haɗa da ƙananan guntayen gilashi da dutse, na ƙarni na 12 ne. Ka sa madubin hangen nesa. Gicciye ne a tsakiya da kurciyoyi 12 a jikinsa, ya tsiro daga wani ganye, daga nan kurangar inabi ta murɗe ta cika bangon zinariya. A gindi koguna huɗu suna gudana, bareyi suna sha. Cikin rassan akwai tsuntsaye, da makiyayi, da mace tana ba kaji abinci. A ƙasa tumaki 12 suna nufo Ɗan Rago. Ka lura guntayen zinariyar ba a kwance suke daidai ba, an karkata su da gangan domin hasken kyandir ya riƙa wasa a kansu. Facin baya yakan zo a shafe sumul, sai ya yi ƙyalli kamar madubi ko ya yi duhu gaba ɗaya.

Kusa da mashiga akwai ɗakin ibadar Waliyyiya Katarina, mai baka mai tsini a sama, saɓanin bakar rabin da'ira da ke sauran ginin. Masolino da Panicale ne ya zana shi wa Kadinal Branda Castiglione wajen 1428 zuwa 1431. A nan za ka ga gine-ginen cikin zane suna shiga ciki bisa lissafin nisa, abin da babu shi a zanen cocin da ke ƙasa.

Sauka har ƙasa, sannan ka hauro

Matakala tana fara kai ka cocin ƙarni na 4, amma kada ka tsaya. Ka wuce zuwa hawa na can ƙasa ka hauro a hankali, yadda ginin ya taso. Wanda ya yi akasin haka yakan rikice, domin yana ganin sakamako kafin sanadi.

A ƙasa gine-gine biyu ne da aka yi bayan gobarar Roma ta shekara ta 64, zamanin Sarki Nero, wani ɗan lungu mai ƙunci ya raba su, da ƙyar mutum ɗaya ke wucewa. Ɗaya an gina bangonsa na waje da manyan tubalan dutsen tufo, wani dutse mai laushi na tokar aman wuta, da jerin ɗakuna kewaye da tsakar gida. Masana da dama suna ganin gidan buga kuɗin daula ne, wasu kuma sun ce rumbun ajiya ne. Ɗayan gidan bulo ne, kuma a cikinsa ne wajen shekara ta 200 aka mayar da wani ɗaki wurin bautar Mitra, abin bautar da wasu Rumawa ke bi a asirce: rufi mai kama da kogo, dakalin kishingiɗa a gefe biyu, da bagadi mai hoton Mitra yana soke bijimi. Kowa a nan yake cincirindo. Mai karatun gini ya fi amfana da lungun nan, inda bango biyu na fasaha daban ke fuskantar juna.

Ga abubuwan da za ka koya wa idonka. Manyan tubalan dutse da aka jera a layi. Ƙananan duwatsu masu kusurwa huɗu da aka jera a karkace kamar raga, aikin da ya yi tashe daga ƙarni na 1 kafin haihuwar Almasihu zuwa farkon ƙarni na 2. Bangon bulo zalla. Bangon da ake jera layin ƙananan tubalan tufo da layin bulo bi da bi, wanda ya yawaita daga ƙarni na 4. Sai daɓen ƙananan bulo da aka jera kamar ƙayar kifi, na ɗakunan aiki da wuraren da ake yawan takawa.

Bulon Rumawa siriri ne, kaurinsa kimanin santimita 3 zuwa 4, kuma bango ba bulo ba ne har ciki, fata ce kawai ta rufe kankaren farar ƙasa da ɓaraguzai. Masu bincike suna auna tsayin layin bulo biyar tare da kwaɓi biyar da ke tsakaninsu. A ƙarni na 1 bulo sabo ne, launinsa ɗaya, kwaɓin siriri. Zuwa ƙarni na 4 kwaɓin yakan kusa kai kaurin bulon kansa. A tsakiyar zamani kuwa tsoffin bulo ake tsintowa, don haka tsayi da launi sukan bambanta, layin ma yana hawa yana sauka. Ka auna a wurare biyar ko fiye a bango ɗaya, ka guji kusurwa da gefen ƙofa inda aka fi yin faci. Kuma kada ka yanke hukunci da wannan awo kaɗai, ƙungiyar magina biyu a shekara ɗaya suna iya ba ka adadi daban.

Abin da ba ya ruɗi shi ne mahaɗar bango. Idan bulon bango biyu sun sarƙe da juna a kusurwa, tare aka gina su. Idan ɗaya ya jingina kawai, da tsaga miƙaƙƙiya tsakaninsu, mai jinginar ne ƙarami. Bangon da ya datse ƙofa, ko ya rufe wani yankin zane, ya zo bayansu. Shafen da ya shige bayan wani bango ya riga bangon.

Cocin tsakiya, inda zamani huɗu suka cakuɗe

An kafa wannan coci a ƙarni na 4 a kan ginin tufo, aka miƙa absidarta a kan gidan da Mitra yake. Waliyyi Jerom, malamin Kirista, ya ambaci coci mai sunan Kilement a Roma a shekara ta 392. Da farko za ta yi maka kamar rumbu mai lunguna, domin bango iri huɗu ne a tsaye. Akwai na asali da ginshiƙansa. Akwai bangon da aka cike tsakanin ginshiƙai don ƙarfafa ginin, wasu bayan girgizar ƙasa ta 847, shi ya sa za ka ga ginshiƙi ya leƙo daga cikin bango. Akwai ƙaƙƙarfan bango marar ado da ya ratsa tsakiyar zaure daga gabas zuwa yamma, harsashi ne na ƙarni na 12 da ke ɗauke da layin ginshiƙan dama na sama. Sai bakuna da ginshiƙan bulo na ƙarni na 19 da aka sa don kada cocin sama ta rufto bayan an kwashe ƙasar da ta cike wurin.

Amsar tambayar faɗin zaurukan gefe ke nan. Maginan ƙarni na 12 sun rage faɗin cocin ta ɓangaren dama, suka ɗora bangonta na waje a kan tsohon layin ginshiƙai, suka bar hagu a kan tsohon tushe.

Zane-zanen bangon suna taimakawa wajen sa shekaru. A hoton hawan Almasihu sama akwai Fafaroma Liyo na IV da alama mai kusurwa huɗu a bayan kansa maimakon da'ira. Hakan na nufin yana raye aka zana shi, wato tsakanin 847 da 855. Wani zanen yana nuna yadda aka kawo ƙasusuwan Waliyyi Kilement, waɗanda 'yan'uwan nan biyu Siril da Metodiyus, masu wa'azin Kirista a ƙasashen Slav, suka zo da su Roma. Siril ya rasu a birnin a 869, a nan aka binne shi. Mafi shahara shi ne na Sisinniyus, wani babban mutumin Roma da ba Kirista ba, wanda ya sa bayinsa su ja Kilement, sai ga su suna jan ginshiƙi. Waliyyin yana magana da Latin, Sisinniyus kuwa yana zagin bayinsa da harshen kan titi, kuma wannan rubutu yana cikin mafi daɗewar shaidun harshen Italiyanci. Beno de Rapiza da matarsa Maria ne suka biya kuɗin zanen a ƙarshen ƙarni na 11.

A nan sai a yi hattara da labarin da ake yawan maimaitawa, cewa sojojin Robert Guiscard, jagoran Norman na kudancin Italiya, sun ƙone cocin a 1084 shi ya sa aka binne ta. Masu bincike da dama suna shakkar haka, domin ana ci gaba da amfani da ita bayan harin, har a cikinta aka zaɓi Fafaroma Faskal na II a 1099. Abin da ginin ya nuna shi ne tsufa, da ƙasar unguwa da ta yi ta tashi har cocin ta koma rami.

Idan an yarda ka haska tocila, ka riƙe ta a gefe, hasken ya kwanta a kan bango, sai mahaɗar shafe ta fito. Ana yin wannan zane ne a kan ɗanyen shafen farar ƙasa da yashi, kimanin kashi ɗaya da biyu, launin ya kama yayin da shafen ke bushewa. Masu zanen farkon tsakiyar zamani sukan shafe bango a faffaɗan layi daidai tsayin dandamali. Daga ƙarshen ƙarni na 13 aka koma shafa iya abin da za a zana a yini ɗaya, mahaɗar na bin gefen siffar mutum. Launin da aka ƙara bayan bango ya bushe shi ke fara zubewa, musamman shuɗi, wanda danshi kuma kan mayar da shi kore. Farin dalma yakan koma baƙi. Don haka kada ka ɗauki launin yau a matsayin na mai zane.

Ruwa

Duk wannan bai fito fili ba sai 1857, lokacin da Fada Joseph Mullooly na ɗariƙar Dominikan ta ƙasar Ailan, wadda ke riƙe da cocin tun 1677, ya fara haƙa. Da aka isa hawa na ƙasa ruwa ya cika shi, ya zauna haka shekaru da dama, sai tsakanin 1912 da 1914 Fada Louis Nolan ya sa aka haƙa magudana ta ƙarƙashin ƙasa zuwa tsohuwar kwatar da ke kusa da Kolosiyam. Har yanzu za ka ji ƙarar ruwan yana gudu.

Danshi yana hawa bango ɗauke da gishiri, inda ya bushe gishirin ya daskare ya tura shafe waje. Farin gari a kan bulo alamarsa ke nan, kuma layin da ya tsaya yana nuna iya hawan ruwan. Koren da ke kusa da fitilu gansakuka ne da haske ke ciyarwa. Facin siminti mai launin toka ya fi kowanne illa, domin yana hana bango numfashi, sai ruwan ya koma ya ci tsohon bulon da ke gefensa. Tsaga a marmara mai jan tabo kuwa ƙarfen da aka ɗaure dutsen da shi ne ya yi tsatsa ya kumbura.

Kafin ka bar wurin, ka zauna a tsakar gida ka zana hawa ukun a shafi uku da ma'auni ɗaya, ka ba kowane zamani launinsa, ka sa ɗigo-ɗigo a duk bangon da ba ka ga mahaɗarsa da idonka ba. Sannan ka ɗora shafin sama a kan na tsakiya ka ɗaga su zuwa haske, ka ga wane bango ne ya hau kan wane.